Maƙerin Bindigar Maharba

A ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, sau da yawa maƙerin da ke ƙera fartanya da garma gabanin damina shi ne maharba ke nema idan an kawar da masara da dawa. Aikinsa bindigar toka ce, harba-ka-ruga, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki.

Wadda aka saya a ƙere daban, wadda aka ba da ƙirarta daban. Maharbi zai zo ya zauna kusa da zuga-zugi, gawayin ƙirya na ci, maƙeri ya fara da tambaya. Fakara da zabin daji yake bi, ko birai ne suka addabi gonarsa? Da dama yake harbi ko bahago ne? Sai ya auna hannunsa daga gwiwa zuwa yatsa, ya sassaƙa ƙotar daga busasshen icce, ya ɗora masa a kafaɗa. Ya karɓa ya rage, ya sake ɗorawa, har kuncin mutum ya zauna daram, idonsa ya bi bakin bindigar ba tare da ya karkata wuya ba. Kunamar ma sai an daidaita ta da ƙarfin yatsansa. Daga nan baduku ya naɗe ta da jar fata, ya ɗinka mata maratayi. Wani ya ara, nan take zai ji ba tasa ba ce.

Yau sana'ar tana cikin tsaka mai wuya. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙira ko gyaran bindiga ba lasisi, ta toka ma riƙe ta sai da izini. Tun da 'yan bindigar daji suka addabi Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara, manoma suka ƙara bukatarta, zargi kuma ya hau kan maƙera. Tsananin ta'asar 'yan bindigar ne ya sa Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023.

Amma wanda ya auna kafaɗar mutum ya san shi, ya san gidansu. Wannan sanayya ita ce garkuwar sana'ar, domin maƙerin kirki ba ya ƙera wa baƙon ido. Ya kamata hukuma ta yi wa maƙera rajista ta hannun Sarkin Maƙera da Sarkin Baka, kowace bindiga a san wanda ya ƙera ta da wanda ke rataye da ita.