Gwarancin Jariri Ba Shirme Ba Ne

Idan jariri ya kama "ba-ba-ba" da "da-da-da", Bahaushe kan ce yana gwaranci. Duk wanda ke zaune a Abuja ya kamata kalmar nan ta ɗan tsaya masa a rai, domin gwaranci sunan harshen Gwarawa ne, wato Gbagyi, mutanen da aka gina birnin nan a kan ƙasarsu. Kakanninmu sun ji maganar da ba su gane ba, sai suka haɗa ta da surutun goyo. Ba a kyauta wa Gbagyi ba. Amma a ɓangaren jariri sunan ya dace ba da niyya ba, don abin da yake yi yana da tsari irin na harshe.

Tsakanin wata 6 zuwa 10 yaro ke fara jera gaɓoɓi, baƙi da wasali, yana maimaitawa. Leɓe ne ya fi saurin ba shi haɗin kai, shi ya sa "mama" da "baba" suka zagaye duniya. Mu manya ne muka ji sautin muka ce da mu yake.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gwarancin kowane yaro yana da ƙamshin gidansu. Bénédicte de Boysson-Bardies, wata masaniya a Faransa, ta kwatanta 'yan wata 10 daga gidajen da ake Faransanci, Ingilishi, Larabci da Sinancin Kanton a 1989, ta tarar wasulansu sun riga sun karkata zuwa harshen iyaye, alhali ko kalma ɗaya ba su iya ba. Kafin ita, a 1984, Janet Werker da Richard Tees a Kanada sun nuna cewa ɗan wata 6 zuwa 8 yana bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya fara sakin waɗanda ba a yi a gidansu. Ke nan a watannin nan ne kunnen ɗan Bahaushe ke yanke shawara ko "kafa" da "ƙafa" abu ɗaya ne ko biyu. Har jariran kurame masu tasowa cikin maganar hannu suna nasu gwarancin da yatsu, kamar yadda Laura Petitto ta nuna a 1991.

In ya fara magana ma, kuskurensa da doka yake tafiya. Yaron da ke cewa "yuwa" maimakon ruwa, haka zai yi wa riga da rana. Akwai wata 'yar maƙwabta a Kubwa da ta ga garken Fulani na tsallaka titi ta ce "saniyoyi". Aka fashe da dariya. Ba wanda ya taɓa faɗin kalmar a gabanta. Ita ta lura mota na zama motoci, taga na zama tagogi, ta ɗora saniya a kan wannan ma'auni. Nahawu take yi, shanu ne suka saɓa ƙa'ida.

To, ga inda gizo ke saƙa a Abuja. Uba ya fita tun asuba don gudun cunkoson hanyar Nyanya, uwa tana ofis, yaro na hannun mai raino, an jingina masa waya yana kallon katun. A 2003 Patricia Kuhl ta gwada 'yan wata 9 a Amurka: waɗanda wani mutum ya zauna da su sau 12 yana yi musu Sinanci sun kama sautukan harshen, waɗanda suka kalli darasin a bidiyo ba su tsinci komai ba. Jariri fuska yake so, da wanda zai amsa masa in ya yi "ba".

Wasu iyayen kuma sun daina yi wa 'ya'yansu Hausa, wai kada ta rikita musu Turanci. Wannan tsoro ba shi da tushe. Yaron da ya tashi a Karu ko Gwagwalada yana jin Hausa a ɗaki, Gbagyi a kasuwa, Turancin buroka a bakin titi, kuma kansa na ɗaukar su duka. Zai gauraya su na ɗan lokaci, yadda mu ma muke gaurayawa, daga baya ya ware kowanne.

Shirun ne abin tsoro. Jaririn da ya doshi shekara bai fara jera gaɓoɓi ba, ko ba ya waiwaye in an kira shi ta baya, kada a ce ai babansa ma bai yi baki da wuri ba. A kai shi a auna jinsa. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Wanda kuwa nasa ke gwaranci, yau in ya dawo gida ya ajiye waya, ya ɗora yaron a cinya, ya bar shi ya gama zancensa, sannan ya ba shi amsa da Hausa.