DAKAKKEN NAMAN SHANU: ABUBUWAN DA AKE HAƊA SHI DA SU

Nama yana da tsada. A ƙauye, gidaje da yawa ba su ganin nama sai ranar kasuwa, ko ranar suna, ko da Sallar Layya. In maigida ya sawo rabin kilo, aka yanka shi tsoka-tsoka, ba ya isar mutanen gida. Manya su ɗauki tsoka, yara su sha romo. Sau da yawa mai ciki da mai goyo su ne na ƙarshe wajen rabo, alhali su da yara ƙanana sun fi kowa bukatar naman.

Akwai dabarar da ke gyara wannan rabo. Dabarar ita ce a daka naman, a haɗa shi da wasu abubuwa na gona da na garka. Ta haka nama kaɗan zai yi auki, ya ƙara daɗi, ya ƙara amfani ga jiki.

Don me ake daka nama?

Naman da aka daka yana bin miya ko'ina. Duk wanda ya sa hannu a kwano zai samu rabonsa. Yaron da bai gama haƙora ba zai iya ci. Tsohon da haƙoransa suka zube shi ma zai iya ci. Kuma dakakken nama yana nuna da sauri, ba ya cin itace da yawa.

A manyan garuruwa kamar Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ana samun injin niƙa nama a kasuwa. A ƙauye turmi da taɓarya sun isa. Sai a cire ƙashi da jijiya, a yayyanka naman ƙanana, a zuba a turmi mai tsabta, a daka har ya yi laushi.

Abin da nama ke ba jiki

Nama abinci ne mai gina jiki. A cikin garam 100 na jan naman shanu akwai wajen garam 20 na abin da ke gina jiki. Shi ne ke sa yaro ya girma, shi ne ke mayar wa manomi da ƙarfinsa bayan aiki.

Akwai kuma sinadarin ƙarfe a cikin nama. Da shi ne jiki ke yin jini. Wanda ya rasa shi yana samun ƙarancin jini: ya riƙa gajiya da wuri, ya riƙa jin jiri, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari. Ƙarancin jini yana da hatsari ga mace wajen haifuwa.

Wake da ganye su ma suna da sinadarin ƙarfe, amma jiki ba ya ɗaukar nasu da sauƙi. In an dafa su tare da nama, ko da kaɗan ne, jiki yana ɗaukar fiye da yadda zai ɗauka in su kaɗai ne. Wannan shi ne babban amfanin haɗin.

Na farko: masu ƙara auki da gina jiki

Wake. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya. Garam 100 na busasshen wake yana da wajen garam 23 na abin gina jiki. Ana jiƙa shi, a surfe, a wanke, a dafa har ya yi laushi. Sai a tsane ruwan, a daka, a cuɗa da naman. Gujiyar ƙwaruru ita ma tana yin wannan aiki.

Ƙuli-ƙuli. Garin ƙuli-ƙuli yana gina jiki ƙwarai, yana kuma ba nama ɗanɗano irin na tsire. Yana shanye ruwa, ya sa naman ya kama jikinsa. Amma a duba da kyau: gujiya ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna yana da dafin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe wannan dafi. A zubar da shi.

Ƙwai. Ƙwan kaza ɗaya yana da wajen garam 6 na abin gina jiki. Shi ne ke ɗaure haɗin don kada ya watse a tukunya. Da damina, lokacin da zabi ke yin ƙwai da yawa, na zabo ya wadatar. Wasu suna hana wa yara ƙwai, wai zai sa su sata. Wannan camfi ne. Ƙwai yana cikin abincin da ya fi dacewa da yaro.

Garin hatsi, ko dankali, ko busasshen burodi da aka daka. Waɗannan suna ƙara auki, suna ba jiki ƙarfi. A sa kaɗan, don kada su danne ɗanɗanon naman.

Na biyu: masu kare jiki daga cuta

Zogala. Ana noman ta sosai a garakan gulbin Maraɗi da na bakin kogi kusa da Yamai, kuma itace ɗaya a bayan ɗaki yana ba gida ganye. Tana da bitamin A da sinadarin ƙarfe. Ana tafasa ɗanyen ganyen kaɗan, a matse, a yayyanka. In busasshe ne, a daka shi gari. A shanya zogala a inuwa, domin rana tana rage amfaninta.

Karas da kabewa. Jan launinsu alama ce ta bitamin A. Wannan bitamin yana kare ido daga dundumi, yana taimakon yaro ya jure wa cututtuka. Ana goga karas a cikin naman. Kabewa kuwa ana dafa ta, a murje, a zuba a miya. Bitamin A yana shiga jiki da kyau in akwai mai, don haka a sa ɗan man gujiya.

Tumatir da tattasai da lemun tsami. Suna da bitamin C, wanda ke taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe. Dafuwa mai tsawo tana rage wannan bitamin. Saboda haka yana da kyau a matsa lemun tsami bayan an sauke tukunya, ko a yanka ɗanyen tumatir da aka wanke a gefen kwano.

Alayyafo da yakuwa da kuɓewa da kuka. Duk suna karɓar dakakken nama a miyar tuwo.

Na uku: masu ƙara daɗi

Albasa ita ce babbar abokiyar dakakken nama. Tana ba shi ƙamshi, tana hana shi bushewa. Albasar Galmi, ta jihar Tawa, ta yi suna har ƙasashen waje. Tafarnuwa, wadda manoman Abzin ke kawowa kasuwanni, tana kashe ƙarni. Busasshen tattasai na Diffa yana ba miya launi da ƙamshi ba tare da zafi mai yawa ba. Citta da masoro da kanumfari a sa su kaɗan. Tonka kuwa a bar wa manya su barbaɗa a kwanonsu, domin yara ba su jure ta.

Daudawa tana ba miya daɗi, kuma ita ma tana gina jiki. Uwargidan da ta sa daudawa za ta iya rage dunƙulen magi. Magi gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, kuma gishiri mai yawa yana kawo hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce kada babban mutum ya kai garam 5 na gishiri a yini, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya. A nemi gishiri mai iyod, wanda ke hana maƙoƙo.

Yadda ake yin dunƙulen nama na mutum 10

Kayan haɗi: rabin kilo na jan nama, kofi 1 cike da wake, wajen garam 200, albasa 2, tafarnuwa ƙwaya 3, ƙwai 2, babban cokali 4 na garin ƙuli-ƙuli, dintsi 1 na dafaffen ganyen zogala, karas 1, ɗan gishiri da citta.

1. A dafa waken da aka surfe, a tsane, a daka, a bari ya huce.
2. A daka nama tare da albasa da tafarnuwa da citta.
3. A zuba wake da zogala da gogaggen karas da garin ƙuli-ƙuli, a fasa ƙwai, a cuɗa sosai.
4. A mulmula da hannu mai tsabta, kowane dunƙule kamar ƙwan zabo.
5. A soya su sama-sama a cikin ɗan mai har su kama jikinsu.
6. A zuba su cikin miyar tumatir mai tafasa, a rufe, su yi minti 20.
7. A fasa ɗaya a duba. In da sauran ja a ciki, a mayar bisa wuta.

Ana ci da tuwo, ko shinkafa, ko dambu, ko burodi.

Ga lissafin. Rabin kilo na nama shi kaɗai yana ba da dunƙule wajen 12. Da wannan haɗi ana samun wajen 30. Gida mai mutum 10, kowa zai samu 3.

Rabon yaro ƙarami

Daga haifuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jinjiri. In ya cika wata 6, sai a fara ba shi wani abinci, ana ci gaba da ba shi nono har shekara 2 ko fiye. Kunun hatsi tsarara ba ya isar sa. Yaron da ke shan kunu kaɗai yana iya kamuwa da tamowa.

Uwa ta ɗebi dakakken nama kafin a sa yaji da gishiri. Ta dafa shi sosai, ta sake murje shi har ya yi laushi ƙwarai. Ta zuba cokali 1 ko 2 a cikin kunu mai kauri, ko a cikin dafaffiyar kabewa, da ƙaramin cokali na man gujiya da ɗan garin zogala. A ba yaro nasa kwano, don a san abin da ya ci. A riƙa kai shi awo gidan likita don a ga ko yana ƙara nauyi.

Mai ciki da mai goyo a ba su rabo mai kyau. Amma abinci ba ya maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mata wajen awon ciki. Wani abu kuma: shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Mai ƙarancin jini ya bari a yi awa 1 ko 2 bayan cin abinci kafin ya sha shayi.

Hattara: dakakken nama yana lalacewa da wuri

Ƙwayoyin cuta suna zama a bayan tsokar nama, inda hannu da wuƙa da ƙuda ke taɓawa. In an daka, sai su shige cikin naman ko'ina. Shi ya sa dakakken nama ya fi tsoka saurin lalacewa. Wanda ya ci shi bai nuna ba yana iya kamuwa da zawo da amai. Naman shanun da bai nuna ba yana kuma kawo tsila. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

A sayi naman da aka yanka a ranar, wanda ma'aikacin kula da dabbobi ya duba.

Kada a ci naman dabbar da ta faɗi da ciwo, ko da an yi sauri an yanka ta. Ciwon saifa yana kama mutum ta wannan hanya, kuma yana kisa.

A wanke hannu da sabulu kafin aiki da bayan aiki. A wanke turmi da taɓarya da wuƙa da ruwan zafi da sabulu, a shanya su a rana. In da hali, a ware turmin nama daban da na fura, domin fura ba a sake dafa ta bayan an daka.

A daka nama lokacin da wuta ke ci. Kada a daka da safe a ajiye sai dare. Da bazara, awa 1 ta isa ya fara lalacewa.

Kada a ɗanɗana ɗanyen haɗi don jin gishiri.

Abin da ya rage, a rufe shi, a sake tafasa shi sosai kafin a ci. In ya canja wari, a zubar.

In nama ya yi yawa, kamar da Layya, gara a yi dambun nama. Ana dafa shi, a daka, a soya har ya bushe sarai. Shi yana daɗewa, kuma ana iya barbaɗa shi a kunun yaro.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gidan da ya ci abinci mai kyau shi ke da ƙarfin noma. Wake yana rumbu, zogala tana bayan ɗaki, albasa tana garka. Abin da ya rage shi ne a haɗa su, kuma a yi rabo da adalci.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa 3 ne ke ƙara wa dakakken nama auki?
2. Don me dakakken nama ya fi tsoka saurin lalacewa?
3. In rabin kilo ya ba da dunƙule 30, kilo 1 da rabi zai ba da nawa?
4. A gidajen wannan gari, wa ke fara samun nama, wa ke samu a ƙarshe? Yaya za a gyara?