Aikin gayya ya maye gurbin ƙaramar hukuma: wa ya ci riba, wa ya yi asara?

Duk shekara kafin damina ta kankama, matasan unguwanni a Kano da Zariya da Katsina da Gusau sukan fito da shebur da manjagara da baro su yashe kwatoci. Idan katangar maƙabarta ta faɗi, bayan sallar Juma'a ake sanarwa a kafa gidauniya. Idan famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, gida-gida ake bi a tara kuɗin gyara, haka kuma ƙarshen wata ana haɗa na 'yan sintiri. Abin ya zama jiki, har ba a cika jin mai tambayar wanda aikin ya rataya a wuyansa ba.

Alhali kuwa a rubuce yake. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya lissafa wa ƙaramar hukuma ayyukanta: kula da maƙabartu da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, gina hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da gyara su, kwashe shara, sa wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan ta sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Don waɗannan ayyuka ake ware wa ƙananan hukumomi 774 kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya duk wata. Jihar Kano kaɗai tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27. Kuɗi na fitowa daga Abuja, mutanen unguwa kuma na yin karo-karo don aikin da aka fitar da kuɗin dominsa. Wannan shi ne abin dubawa.

Dattawan da suka ga zamanin En'e sukan ce a lokacin ana ganin aiki: duba-gari yana zagayawa, akwai dispensare, akwai makarantar elemantare, baitulmali yana biyan ma'aikata. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Da harajin talaka da jangalin makiyayi ake yin wannan aiki, kuma ana karɓar su da tsanani da cin mutunci, wanda shi ne abin da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka yi shekaru suna yaƙa. Garambawul na 1976 ya rushe wancan tsari, ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu fasali iri ɗaya a faɗin ƙasa, ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci su yi. Sai dai daga nan wata igiya ta tsinke ba tare da an lura ba. Kuɗin mai ya maye gurbin kuɗin jama'a, hukumar da ba ta buƙatar sisin talaka ta daina jin nauyin yi masa bayani, shi ma talakan ya daina ganin kuɗin a matsayin nasa. Gwamnatocin soja suka yi ta ƙara yawan hukumomin, har suka kai 774 a 1996 zamanin Janar Sani Abacha, da yawansu ba su da wata hanyar shiga sai kason wata-wata.

Babban ramin da ya haɗiye su yana cikin kundin na 1999 kansa. Sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, amma sashe na 162 ya kafa asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, ya zama ta hannun jiha kuɗin ke bi kafin su sauka ƙasa. A nan ake yanke albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarauta, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda a gidan gwamnati ake yanke shawararsu a kuma ba da kwangilarsu. Abin da ya rage wa ciyaman sau da yawa bai wuce albashi da kuɗin tafiyar da ofis ba. Shugaba Muhammadu Buhari da bakinsa, a watan Disamba na 2022, ya ba da labarin gwamnan da ke miƙa wa ciyaman rabin kasonsa ya sa shi ya sa hannu cewa ya karɓa duka. Kafin nan, a 2019, hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi ta ƙasa ta hana cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙananan hukumomi, gwamnoni suka garzaya kotu suna ƙalubalantar umarnin.

Kuɗi ba shi kaɗai ba ne. Akwai batun wanda ya ɗora ciyaman a kan kujera. Jihohi da dama sun shafe shekaru suna naɗa kantomomi maimakon yin zaɓe, inda aka yi zaɓen kuma hukumar zaɓe ta jiha ce ke shiryawa, gwamna ne ya naɗa ta, jam'iyyarsa ce ke lashe komai. Mutumin da ya san ɗauki-ɗora aka yi masa ya san ƙofar da zai riƙa gaisuwa, kuma ba ƙofar mai unguwa ba ce. Shi ya sa ake samun ciyamomin da suka tare a babban birnin jiha, ba a ganinsu a sakatariya sai ranar da kaso ya shigo. A lokaci guda jihohi suka kafa hukumomin shara da na tattara haraji da na ilimin bai-ɗaya da na lafiya a matakin farko, suka janye ayyukan da kuɗin shigarsu zuwa sama. Wasu daga cikin waɗannan matakai suna da hujja, domin an yi su ne bayan ƙananan hukumomin sun gaza. Amma sakamakon shi ne hukumar da ta fi kowace kusa da talaka ta zama ofishin biyan albashi da ba da takardar shaidar zama ɗan gari.

A daidai wannan lokaci garuruwa suka yi ta faɗi. Unguwannin awon igiya suka cika gefen Kano da Kaduna da Sakkwato, babu hanya, babu magudana, babu filin makaranta. Mutanen da suka tare a can ba za su zauna jiran wanda ba zai zo ba. Da ma Bahaushe ya san gayya tun a gona da wajen yaɓen ɗaki, sai ya ɗauko ta ya sa mata shugaba da ma'aji da littafin rasit, ta zama ƙungiyar ci gaban unguwa.

Alherin wannan a fili yake, kuma bai kamata a raina shi ba. Ƙungiyar unguwa takan yi kwalbati da kuɗin da ɗan kwangila ba zai ko kalla ba, domin magini ɗan unguwa ne, leburori 'ya'yan gida ne, kuma kowa ya san farashin buhun siminti. Ma'aji yakan karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar masallaci, wanda ya ci amana kuma ba shi da wurin ɓuya, don gobe da shi za a yi sahu. Irin wannan bin diddigi shi ne ainihin abin da aka rasa a sakatariya. Yashe kwatoci ya hana gidaje da yawa rushewa, motar unguwa ta kai mata masu naƙuda asibiti cikin dare, ajujuwan da iyayen yara suka gina sun ɗauki ɗalibai da za su zauna a gindin bishiya. Hukumomi ma sun gane ƙarfin abin, shi ya sa aka kafa kwamitocin ci gaban mazaɓa a harkar lafiya da kwamitocin kula da makarantu da ke haɗa iyaye da malamai da masu unguwanni.

Amma a ganina asarar ta fi yawa, kuma ta fi ɓoyuwa. Karo-karo haraji ne na biyu, kuma haraji ne da ba ya duba ƙarfin mai biya. Naira dubun da aka yanka wa kowane gida ɗaya ce ga ɗan kasuwar Kwari da bazawarar da ke sayar da ƙosai. Unguwar da ke da attajiri ko babban ma'aikaci a Abuja takan samu burtsatse mai aiki da hasken rana, ƙauyen da ba shi da kowa a sama yana nan yana shan ruwan kududdufi tare da dabbobi. Dalilin kafa hukuma tun asali shi ne ta kai aiki inda babu mai iya yi wa kansa. Idan aka bar komai ga gayya, mai ƙarfi ne ke ƙara gaba.

Akwai kuma ayyukan da kyakkyawar niyya ba ta isa ta yi su. Magudanar da unguwa ta gina takan ƙare a iyakar unguwar, ta juye ruwan a kan maƙwabta, domin babu wanda ya zana wa garin duka hanyar ruwa. Rijiyar da aka haƙa kusa da masai ba tare da gwaji ba tana iya kawo amai da gudawa. Sharar da matasa suka yaso daga kwata, idan motar hukuma ba ta zo ta kwashe ba, ruwan farko ne zai mayar da ita inda ta fito. Mafi muni shi ne tsaro. Abin da ya faru a Zamfara, inda 'yan sa-kai suka ɗauki hukunci a hannunsu aka shiga ramuwar gayya tsakaninsu da makiyaya, ya nuna inda taimakon kai ke kaiwa idan babu hukuma a tsakani. Sai daga baya Katsina a 2023 da Zamfara a 2024 suka kafa rundunonin tsaron al'umma a ƙarƙashin doka.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda haƙƙi ya koma alfarma. Ƙungiyar unguwa ta tara kuɗi ta yi rabin aiki, sai ta ɗauki takarda ta je gidan ɗan majalisa ko ciyaman neman gudummawa. Ya ba da buhun siminti hamsin, a yi masa kirari, a sa sunansa a allo, a kira shi mai taimakon al'umma, alhali daga kuɗin mutanen ne ya tsakuro. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yaron da ya taso yana ganin haka zai ɗauka cewa aikin gwamnati kyauta ce da ake roƙa, ba zai taɓa tunanin tambayar kansilansa kasafin kuɗin bana ba. Su kansu ƙungiyoyin ba kowa suke wakilta ba. Mata ne ke ɗebo ruwa, su ne ke kai yara asibiti, amma da wuya a ga mace a zaman da ake yanke inda za a haƙa rijiya. 'Yan haya suna biya, ba a shawara da su.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi, kuma hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba kada a ba ta kaso. Jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe. A watan Oktoba na wannan shekarar APC ta lashe duka 27 na Jigawa da duka 23 na Kaduna, NNPP ta lashe duka 44 na Kano. Jam'iyyun sun bambanta, salon ɗaya ne. Shekara guda bayan hukuncin ana nan ana ja-in-ja kan buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya, kuɗin kuma na ci gaba da bi ta hannun jihohi. Duk wannan ya zo ne a lokacin da kason ya ƙaru sosai a lissafin naira, bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023.

Masu ɗari-ɗari da 'yancin ƙananan hukumomi ba duka ne 'yan koren gwamnoni ba. Ƙungiyar malamai ta ƙasa ta daɗe tana tuna abin da ya faru a farkon shekarun 1990, lokacin da aka miƙa wa ƙananan hukumomi albashin malaman firamare, aka yi watanni ba a biya ba, makarantu suka rufe. Tsoronsu yana kan hanya. Idan kuɗi ya sauka kai tsaye hannun ciyaman da gwamna ya zaɓa, kuma babu mai tambayarsa, wurin ɓarnar kawai aka sauya. Hukuncin kotu ya gyara hanyar da kuɗi zai bi, bai samar da wanda zai tsaya a kansa ba.

Wanda zai iya tsayawar yana nan a unguwa, shi ne mutumin da ya shekara goma yana riƙe da littafin karo-karo ba a taɓa samunsa da kobo ba. Ba a ce a daina yashe kwata ba, domin ruwan sama ba ya jiran kasafin kuɗi. Amma ƙungiyar da ta iya tara mutum ɗari ranar Asabar da shebur tana iya tura mutum goma ranar Litinin zuwa sakatariya da takarda. Ofishin Akanta Janar na tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata, duk mai waya yana iya dubawa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce. Jihar Kaduna ta gwada tsarin da al'umma ke rubuta buƙatunta bisa fifiko a shigar da su kasafin kuɗi, kuma a 2018 ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura har 'yan adawa suka ci wasu kujeru, wanda ya nuna abin mai yiwuwa ne idan an so.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin unguwa da limamai da masu unguwanni: kafin a sake buɗe gidauniya, a gayyaci kansilan mazaɓa ya zo ya zauna a gaban jama'a, maza da mata, a karanta masa adadin da ƙaramar hukumarsa ta samu a watan jiya, a tambaye shi nawa ne a ciki aka ware wa magudanar da ake shirin yi wa karo-karo.