James Hong: Me adadi 672 ke faɗa game da ɗan wasan da ba jarumi ba?

A shekarar 2020 an yi wa James Hong ƙidayar ayyukansa, jimillar ta tashi 672. An rarraba ta kamar haka: fitowa 469 a talabijin, manyan finafinai 149, gajerun finafinai 32, sai wasannin kwamfuta 22 da ya ara wa murya. An haife shi a Minneapolis ta Amurka ranar 22 ga Fabrairun 1929, iyayensa 'yan asalin China ne, kuma aikin injiniyan hanyoyi ya fara yi a gundumar Los Angeles kafin wasa ya janye shi a tsakiyar shekarun 1950.

In aka raba 672 a kan shekara 66, wato daga 1954 zuwa 2020, za a samu kusan aiki goma a kowace shekara. Jarumin da ke ɗauke da fim tun daga farko har ƙarshe da wuya ya wuce fim biyu ko uku a shekara, domin kowane ɗaya kan cinye masa watanni. Mai fitowa a matsayin mai gidan abinci, ko likita, ko dattijon unguwa, shi kwana biyu ko mako guda ya ishe shi ya gama, ya wuce wani wurin ɗauka. Don haka yawan adadin ba ya auna shahara. Abin da yake aunawa shi ne sau nawa masu shirya fim suka nemi wanda zai zo da wuri, ya haddace maganarsa, ya gama ba tare da an yi ta maimaita ɗauka ba.

Talabijin ce ke da kusan kashi 70 cikin ɗari na jimillar, manyan finafinai kuwa kashi 22 kacal. Ke nan tuwon Hong daga talabijin ya fito, ko da yake da finafinai aka fi tuna shi. A nan sai an yi hattara da lissafin, domin jimilla kan canza gwargwadon yadda aka ƙirga: wani kan ɗauki shiri mai dogon zango a matsayin aiki ɗaya, wani kuma ya ƙirga kowane kashi da ɗan wasan ya fito a ciki. Akwai kuma shirye-shirye irin su Kung Fu da Hawaii Five-O da suka yi ta dawo da shi a matsayin mutane daban-daban. Ana iya kiran wannan ƙwarewa, kuma ƙwarewar ce, amma yana kuma nuna yadda masu shirin suka ɗauka cewa mai kallo ba zai bambance fuskar ɗan Asiya ɗaya da wata ba.

Wannan ne ɓangaren da alƙaluman ba sa nunawa da kansu. A 1937 aka yi The Good Earth, labarin manoman China, amma Turawa biyu, Paul Muni da Luise Rainer, aka yi wa kwalliya suka fito a manyan matsayin, har Rainer ta samu kyautar Oscar. Shekara 20 bayan haka, da Hong ya samu shiga shirin The New Adventures of Charlie Chan, matsayin ɗa aka ba shi, uban kuwa, wato jami'in binciken da aka ce ɗan China ne, Bature J. Carrol Naish ne ya taka shi. Ƙananan matsayi 600 da ɗoriya ba zaɓi ba ne kawai, su ne abin da aka rage wa irinsa. Shi ya sa a 1965 shi da ɗan wasa Mako da wasu abokan sana'a suka kafa ƙungiyar wasan daɓe ta East West Players a Los Angeles, don 'yan asalin Asiya su samu inda za su taka manyan rawa.

Duk da haka mintoci kaɗan sun ishe shi ya zauna a ran mai kallo. A Blade Runner na 1982 fage ɗaya ne nasa, mai ƙera idanu a cikin ɗakin sanyi. A Big Trouble in Little China na 1986 shi ne mugun boka Lo Pan, kuma a ganina shi ya ƙwace fim ɗin daga hannun jarumin. Yaran yanzu kuwa muryarsa suka sani, ta Mista Ping, dinyar da ta raini jarumi Po a Kung Fu Panda tun 2008.

Wani adadin zai taimaka a gane nauyin abin da ya yi. Lokacin yajin aikin kwana 118 da ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA ta yi a 2023, ta bayyana cewa cikin mambobinta kusan 160,000, mafi yawansu ba sa samun dala 26,470 a shekara, wanda a lokacin shi ne mafi ƙarancin abin da ke ba ɗan wasa damar shiga inshorar lafiya ta ƙungiyar. A sana'ar da akasarin masu yin ta ke zaman jiran kira, samun aiki goma a shekara har tsawon shekara 66 ya fi a ci kyauta sau ɗaya wuya.

Karramawar ta yi jinkiri ƙwarai. Tauraron da ake kafa wa 'yan wasa a titin Hollywood sai an biya kuɗi, kuma ɗan wasa Daniel Dae Kim ne ya buɗe asusun karo-karo a 2020, aka tara sama da dala 55,000 cikin 'yan kwanaki. An kafa tauraron ranar 10 ga Mayun 2022, Hong na da shekara 93, ya zama wanda ya fi kowa tsufa a lokacin karɓar wannan karramawa. Fim ɗin Everything Everywhere All at Once, inda ya fito a matsayin kaka, ya kwashi Oscar 7 a 2023, sai dai sunansa bai shiga cikin waɗanda aka zaɓa ba. A Maris na 2024 Kung Fu Panda 4 ya fito da muryarsa a ciki, yana da shekara 95.