Laftof Mai Naɗewa: Abin Da Ɗan Anka, Gummi Da Bukkuyum Zai Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda datarsu ba ta isa sauraro ba.

Yau maganarmu kan laftof ɗin nan ce siririya, wadda ake iya tanƙwara allonta baya har ta koma kamar tabulet, kana taɓa gilashinta da yatsa kamar waya. Ɗalibai da malaman makaranta da masu shagon buga takardu da cike fom duk suna sha'awarta, kuma ba laifinsu ba ne, abar tana da kyau a ido. To amma yawancin bidiyon da muke kallo a YouTube kan waɗannan kwamfutoci, masu yinsu suna zaune ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, kuma shagon gyara yana bayan gidansu. Wanda yake Anka ko Gummi ko Bukkuyum lissafinsa daban ne. Wutar Kaduna Electric kowa ya san yadda take zuwa. Idan kwamfuta ta samu matsala babba, sai an kai ta Gusau ko Sakkwato, wani lokacin ma har Kano, kuma halin da hanyoyinmu suke ciki ba sai an gaya wa kowa ba. Don haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: wannan na'urar za ta iya rayuwa nesa da wuta, nesa da mai gyara? Kauri da kyau su biyo baya.

Bari mu fara da sanin kayan. Iri biyu ne. Akwai wadda allonta yake juyawa gaba ɗaya ya kwanta a bayan madannai, ba tare da an raba su ba. Kamfanin Lenovo ne ya yayata wannan salon da Yoga a 2012, daga baya HP ya fito da x360, Dell kuma da nasa a jerin Latitude da Inspiron da XPS. Akwai kuma wadda ake cire madannan kwata-kwata, irin Surface Pro ta Microsoft. Ga mutanenmu, ta farkon ta fi dacewa. Ita Surface komai nata yana bayan gilashi ne, a tsofaffin samfuran ma manne shi aka yi da gam, ko batir za a canja sai an ɗaga gilashin, kuma sau da yawa a nan yake fashewa. Sannan madannanta daban ake sayarwa, in suka lalace samunsu aiki ne.

Kafin mu shiga abin dubawa, ka tsaya ka tambayi kanka: da gaske zan riƙa naɗe ta? Mai inci 13 nauyinta yana kai kilo 1.3 ko sama da haka, alhali tabulet ta gaske kamar iPad ba ta wuce rabin kilo. Ba za ka riƙe kilo ɗaya da wani abu a hannu ɗaya kana karatu na awa guda ba. Inda naɗewar take da amfani shi ne in kana rubutu da alƙalamin allo. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau ko na Abdu Gusau Polytechnic a Talata Mafara da yake lissafi ko zane a kan takardun darasi, zai more ta. Malamin Islamiyya da yake son rubuta Larabci ko ajami da hannunsa ya tura wa ɗalibai, shi ma haka. Mai sana'ar ɗinki da ke nuna wa kwastoma samfura, zai iya kafa ta a tebur kamar tanti. Amma in aikinka bai wuce Word da Excel da atisayen JAMB ba, wanda tun 2015 a kwamfuta ake zana shi kuma madannai da linzami yake buƙata, to laftof ta yau da kullum za ta ba ka ƙarfi fiye da wannan a kuɗi ɗaya. Gilashin taɓawa yana ƙara tsada, yana ƙara cin batir, in ya fashe kuma canjinsa ya fi na allon da ba a taɓawa tsada nesa ba kusa ba.

To ka yanke shawara ita kake so. Abu na farko, batir. Mai shago zai ce maka "tana awa takwas." Kada ka yi gardama, kwamfutar da kanta za ta faɗa maka gaskiya. Ka buɗe Command Prompt, ka rubuta powercfg /batteryreport, ka danna Enter. Za ta fitar da rahoto, ta nuna maka inda ta ajiye shi. A ciki ka nemi lambobi biyu. Ta farko ƙarfin da batirin ya fito da shi daga masana'anta, ta biyu abin da yake iya ɗauka yanzu. Misali ta farko 57,000, ta biyu 30,000, ka ga kusan rabin batirin ya tafi ke nan. In ta biyun ba ta kai kashi 80 cikin 100 na ta farko ba, ko a rage maka kuɗin sabon batir, ko ka duba wata. Sannan ka kwantar da ita a tebur ka kalle ta daga gefe. In ka ga wurin da ake shafawa da yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya yi ciki, batirin ya kumbura. Wannan ko kyauta aka ba ka, sai an canja batir kafin ka sa ta a caji.

Na biyu, ta ina take caji? Wannan shi ne ya fi shafar mu. Ka nemi wadda take caji ta USB-C, ramin nan irin na wayoyin Android na yanzu. Dalili shi ne za ka iya cajinta da fawa banki, ko da ƙaramar sola, ba sai ka jira an tada janareta ba. Amma a kula da abu biyu. Ba kowane ramin USB-C ne yake karɓar caji ba, wani na tura fayil ne kawai, don haka a jona a gabanka ka gani. Sannan ba kowane fawa banki ne yake iya tada laftof ba. Yawancin waɗannan kwamfutoci suna son wat 45 ko 65, shi kuwa fawa bankin waya na gama-gari ba ya kaiwa nan. Ka duba jikinsa, ka ga an rubuta PD da 45W ko 65W. Ga lissafi mai sauƙi: fawa banki mai 20,000mAh yana ɗauke da kimanin 74Wh, batirin irin wannan laftof kuma yawanci tsakanin 45Wh ne da 60Wh. In ka cire abin da ke zubewa a hanya, kusan cika ɗaya zai ba ka. Wannan cika ɗayan kuwa ita ce bambanci tsakanin ka gama aikinka da daddare, da ka kwana kana jiran a kawo wuta.

Na uku, ƙwaƙwalwarta, wato firosesa. A nan ake yawan yi wa mutane wayo da kalmar "Core i7 ce." Sunan i5 ko i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka san zubi na nawa ne. Ka duba lambar da ke biye. In ka ga i7-7500U, bakwai ɗin farko na nufin zubi na 7. In ka ga i5-8250U, zubi na 8 ne. In i5-1135G7 ne, zubi na 11. Abin da ya sa wannan yake da muhimmanci: waccan i7 ɗin ta zubi na 7 injina biyu ne a cikinta, ita kuwa i5 ta zubi na 8 huɗu ne. Wato ƙaramar a suna ta fi babbar ɗaukar aiki da yawa a lokaci guda. Ga kuma dalili na biyu. Microsoft ta daina tallafin da ta saba ba Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na 8 na Intel yake farawa. Eh, masu gyara suna iya cusa shi da dabara a tsofaffi, amma ba ka da tabbacin zai ci gaba da samun sabuntawa. A aikace, EliteBook x360 1030 G2 zubi na 7 ce, G3 kuma na 8. A ido kamar tagwaye suke, amma harafi da lamba ɗaya sun raba su. Haka ThinkPad X1 Yoga, sai daga fitowa ta uku ta 2018 ta shiga zubi na 8.

Na huɗu, RAM da ma'ajiya. Ga farashin siririntaka: don a rage kauri, a yawancinsu an narka RAM ɗin ne a jikin allon injin, ba a cirewa, ba a ƙarawa. X1 Yoga haka take, EliteBook x360 1030 ma haka. Abin da ka saya da shi, da shi za ka zauna har ta mutu. Saboda haka kada ka yarda da "ka ɗauki mai 4GB, daga baya a ƙara maka." 8GB shi ne mafi ƙaranci, in aljihu ya yarda 16GB ya fi. Ma'ajiya kuma ta zama SSD, aƙalla 256GB. Akwai wasu ƙanana masu inci 11, masu Celeron da ma'ajiyar eMMC ta 32GB ko 64GB, waɗanda aka yi wa yaran makaranta a ƙasashen waje. Suna naɗewa, suna da araha, amma Windows kaɗai zai cinye mafi yawan wurin. Araha ba ta ado. Wasunsu ma Chromebook ne, ba sa ɗaukar manhajojin Windows, kuma yawancin aikinsu da intanet ne. Mu da muka ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, mun san amfanin kwamfutar da littattafanka da darussanka suke cikinta, ba sai ta nemi sabis ba.

Na biyar, gaɓar da take naɗewa. Ita ce ta mayar da ita abin da take, kuma ita ce ta fi shan wahala, domin wayoyin allo da na kyamara ta cikinta suke bi. Ka buɗe ta a hankali har ƙarshe, ka dawo da ita, sau uku ko huɗu. Ka saurara ko akwai ƙara. Ka duba ko allon yana ƙyaftawa a wani wuri, ko kusurwar jikin tana buɗewa. In ka naɗe ta gaba ɗaya, dole madannai su daina aiki, hoton kuma ya juya da kansa. Daga nan ka buɗe Paint, ka ja layi da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, sama da ƙasa. Duk inda layin ya yanke, wurin ya mutu. In da alƙalami kake so, a gwada shi a wurin, domin alƙalamin wani kamfani ba lallai ya yi aiki a kwamfutar wani ba. X1 Yoga tana da nata a cikin jikinta, ka tabbatar ba a zare shi ba.

Na shida, zafi da ƙura. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa a yi amfani da laftof a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Maris da Afrilu da Mayu muna haura 40. Siririyar kwamfuta fankarta ƙarama ce, hanyar iskarta matsattsiya ce, ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri. In ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta, zafin kuma yana tsufar da batir. Don haka a shago ka kunna bidiyo na minti goma sha biyar ka ji yadda ƙasanta yake da yadda fankar take kuka. A gida kuma kada ka ɗora ta kan katifa ko filo, kuma a riƙa hure mata ƙura bayan kowane hunturu. Gilashin taɓawa yana ƙyalli, saboda haka in kana yawan zama a rumfa ko ƙofar gida, ka fita da ita bakin shagon ka ga ko kana iya karanta rubutu a cikin haske.

Na ƙarshe, makulli. Yawancin tokumbo da ake kawowa Beirut Road ko Farm Centre a Kano, ko Computer Village a Ikeja, daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito. Wannan ba aibi ba ne, hasali ma irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad sun fi ƙwari, kuma kayan gyaransu sun fi yawa a kasuwanninmu saboda an shigo da su da yawa. Amma wasu suna zuwa da kalmar sirri a BIOS, wasu kuma suna nan a rajistar kamfanin da ya mallake su, ranar da ka sake sa Windows ka jona intanet sai ta nemi imel ɗin ma'aikacin kamfanin. Ka sa a shiga BIOS a gabanka. In da hali a sake sa Windows, a jona ta da intanet, ka ga ta wuce lafiya. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikinta, da adadin kwanakin garanti a rubuce.

In ba kai za ka je ba, aike za ka yi, wanda shi ne abin da yawancinmu suke yi saboda hanya, to ka tura wa ɗan aiken waɗannan abubuwa tun kafin ya shiga kasuwa. Ya turo maka hoton rahoton batir, da hoton shafin da ke nuna firosesa da RAM, da bidiyon naɗewa da na gwajin Paint, kafin ka tura ko kwabo. Mai shagon da kayansa ke da kyau ba zai ƙi ba. In kuɗinka bai kai ga mai naɗewa mai zubi na 8 da 8GB da batir mai rai ba, ka ɗauki laftof ta yau da kullum mai waɗannan siffofi, ko da ta ɗan fi kauri. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.

Nan muka kawo ƙarshen shirin yau. Wanda yake da ƙani ko ƙanwa da ke shirin saye, ya tura masa kafin ya tafi kasuwa. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, Ya tsare mana hanyoyinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.