Koya wa Yara Siffanta Abu Cikin Gajeren Labari

Babban aibin labaran 'yan makaranta shi ne gaggawa. Yaro kan rubuta cewa wuri yana da kyau, ya wuce, bai nuna wa mai karatu kome ba. Maganin wannan kuwa shi ne a fitar da yara daga aji.

A Birnin Kudu akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen zamanin da suka zana shanu a jikin dutse. Akwai kuma duwatsu masu amo, waɗanda Bernard Fagg ya yi bayaninsu a 1956. In malami ya kai yara can, sai kowa ya ƙwanƙwasa dutse, ya saurara, ya shafa kaushinsa, sa'an nan ya rubuta. Malamin Gwaram kuwa, kasuwa ta ishe shi: ga warin daddawa, ga ƙamshin ƙosai, ga amon makera.

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan aiki ba, watau irin su ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, sanyi ƙalau. Yaron da bai yi amfani da su a rubuce ba, lalle za su kuɓuce masa. Amma fa a hana yawaita su, gama siffar da ba ta ciyar da labari gaba ba, kaya ce kawai.