Dokar Amurka da ta leƙo kasuwar Bogo

A kasuwar shanu ta Bogo wani abokin cinikina ɗan Mubi ya tambaye ni: "Alhaji, ina ruwan Amurka da addininmu?" Ranar ban ba shi amsar kirki ba, hankalina na kan wani bijimi.

Ruwan kuwa akwai shi. A 1998 majalisar Amurka ta kafa dokar kare 'yancin addini a ƙasashen waje. Duk shekara ma'aikatar harkokin wajensu kan fitar da rahoto kan ƙasashen duniya, har da Kamaru. Wadda suka ga ta wuce gona da iri sai su sa ta jerin ƙasashen da ake sa wa ido, abin yana iya kaiwa ga takunkumi. Najeriya ta shiga a Disamban 2020, aka cire ta a 2021, Trump ya mayar da ita ƙarshen Oktoban 2025, yana cewa ana kashe Kiristoci.

Mu nan ta wani gefen muka ɗanɗana. A Yulin 2015, bayan harin bam na Fotokol, gwamnan Arewa Mai Nisa ya hana niƙabi. Maiɗakina ta daɗe ba ta leƙa Marwa ba. Tsoron gaskiya ne, amma kan matanmu hanin ya sauka.

Wane ne ma tsiraru? A Bogo mu ke da yawa, maƙwabcina Kirista ke taka-tsantsan. In na kai shanu Duwala, ni ke neman inda zan shimfiɗa buzu.

Takunkumin kuwa, in ya zo, ban ga alamar zai tsaya kan manya ba. Ni dai kuɗina da ke hannun dillalan Mubi nake tunani.